Idon Kyamara: Kwatanci Tsakanin Sensar 2014 da ta 2018

Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta kasuwar Maigatari ranar Alhamis da tsakar rana, ya san irin hasken da ke wurin. Farar saniya tana tsaye a fili, rana ta doke ta har ido ba ya son tsayawa a kanta. Kusa da ita ga dillali, fuskarsa na cikin inuwar malafa, a bayansa kuma ga rumfa wadda cikinta ya yi duhu. Idon mutum yana kallon waɗannan abubuwa uku ba tare da wata wahala ba. Amma da zarar an ɗaga kyamara, sai matsala ta bayyana: in an gyara ta don saniyar ta fito da kyau, fuskar dillali ta zama baƙi ƙirin, in kuma an gyara ta don fuskar, saniyar ta koma wani farin tabo marar fasali. Masu ɗaukar hoton biki da na hawan salla a Gumel suna fama da wannan matsala kullum, domin farar babbar riga da baƙar fata suna haɗuwa a kusan kowane hoto.

Abin da ke yanke hukunci a irin wannan hali shi ne wani ɗan faifai da ke can cikin kyamara, a daidai gurbin da fim yake zama a da. Masu sana'ar suna kiransa sensa. Wannan darasi zai kwatanta sensar kyamarori biyu na kamfanin Sony na ƙasar Japan, wato A7 II wadda ta fito a 2014, da ƙanwarta A7 III wadda ta fito a 2018. An zaɓe su ne saboda wani dalili mai muhimmanci ga ɗalibi: girman sensar tasu kusan ɗaya ne, yawan ɗigon hotonsu ma kusan ɗaya ne, miliyan 24.3 da miliyan 24.2. Ke nan duk bambancin da aka gani tsakaninsu, daga wani wuri dabam ya fito.

Faifan da ke ƙirga haske

Kyamarorin nan biyu suna cikin rukunin da ake kira masu cikakken faifai, wato waɗanda sensarsu ta kai girman hoto ɗaya na tsohon fim, kimanin milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi. Wannan awo ya samo asali ne daga kyamarar Leica da Oskar Barnack ya ƙera a Jamus, wadda ta shiga kasuwa a 1925. An yi faifan da silikon, sinadarin da ake tacewa daga yashi, aka rarraba fuskarsa gida-gida, 6,000 a jere ta tsawo, 4,000 ta faɗi. Kowane gida shi ne fiksel. Faɗinsa bai cika maikuromita 6 ba, alhali ƙwayar jan jinin mutum tana kai maikuromita 7 zuwa 8. Ashe fiksel ɗaya bai kai ƙwayar jini ɗaya ba.

Haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kamar yadda Albert Einstein ya bayyana a 1905, kuma kowace ƙwaya ana kiranta foton. Idan foton ya shiga silikon, yakan 'yantar da elektiron ɗaya daga mazauninsa. Fiksel ya tara waɗannan elektiron muddin ƙofar kyamara na buɗe, in ta rufe sai a auna abin da aka tara, a mayar da shi lamba. Hoton dijital ba wani abu ba ne illa jerin lambobi miliyan 24.

Shi fiksel ba ya ganin launi, ƙirga kawai ya sani. Don haka ake ɗora wa kowane ɗaya ɗan tantani mai launi, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976: rabin fiksel kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. An fifita kore ne domin idon ɗan Adam ya fi jin hasken da ke wajajen wannan launi. Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro sensa mai suna CCD a 1969, suka kuma sami kyautar Nobel a kanta a 2009. Sai dai kyamarorin da ake magana a kansu suna amfani ne da wani iri da ake kira CMOS, wanda Eric Fossum da abokan aikinsa suka inganta a Amurka a farkon shekarun 1990.

Yashi a cikin hoto

Kafin a shiga kwatanci, dole ne a fahimci abokin gabar kowace sensa, wato wannan yashi-yashi da ke bayyana a hoton da aka ɗauka cikin duhu. Tushensa biyu ne, kuma wanda bai raba su ba, ba zai gane bambancin kyamarorin nan ba.

Na farko daga hasken kansa yake. A ɗauka an jera ƙore goma masu girma ɗaya a tsakar gida lokacin yayyafi. Bayan minti ɗaya, wata ƙwarya ta sami ɗigo 8, wata 13, wata 10, ko da yake sama ɗaya ce ke zubar da ruwan. In kuwa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya na tsawon sa'a, sai a tarar duk sun kusa yin daidai. Haka foton yake sauka. Ƙa'idar lissafi ta nuna cewa saɓanin yana daidai da tushen murabba'in adadin da aka tara. Fiksel da ya sami foton 100 zai saɓa da maƙwabcinsa da kimanin 10, wato kashi 10 cikin ɗari, abin da ido zai gani sarai. Wanda ya sami 10,000 zai saɓa da kimanin 100, wato kashi 1 cikin ɗari kacal. Babu injiniyan da zai iya kawar da wannan. Iyakar abin da zai yi shi ne ya ƙoƙarta kada foton ɗaya ya salwanta.

Na biyu kuwa daga na'urar yake. A duk lokacin da aka auna abin da fiksel ya tara, ma'aunin kan yi kuskuren elektiron ƙalilan. A wurin da haske ya wadata, wannan kuskure ba ya nufin komai. A cikin rumfar dillali kuwa, inda fiksel bai tara fiye da elektiron 20 ko 30 ba, kuskuren 5 ya isa ya ɓata hoto.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta da ta yaɗu. Lambar ISO da mai hoto yake ɗagawa da dare ba ta ƙara wa sensa haske ko ƙwaya ɗaya. Abin da take yi ya yi kama da murɗa rediyo: muryar mai labarai ta ƙaru, ƙugin tashar ma ya ƙaru tare da ita.

Ta gaba ko ta baya

Bambancin da kamfanin ya fi tallatawa shi ne tsarin ginin sensar. Kowane fiksel yana buƙatar wayoyi na ƙarfe da za su kai masa umarni, su kuma ɗauko saƙonsa. A sensar A7 II, waɗannan wayoyi suna sama ne, sashen da ke jin haske yana ƙarƙashinsu. Dole foton ya bi ta tsakanin wayoyin, kamar hasken da ke shiga rijiya, kafin ya isa inda za a ƙirga shi. Wanda ya zo a miƙe yakan isa, wanda ya zo a karkace, musamman a gefen hoto, yana iya cin karo da bango. A sensar A7 III an juya faifan baki ɗaya, aka kankare bayansa har ya zama siriri ƙwarai, sannan aka fuskantar da wannan bayan ga haske. Wayoyin suka koma ƙasa, foton ya daina ratsa su.

Ɗalibin nazarin halittu zai ga cewa ya san wannan labari. Ratina, wato tantanin gani da ke shimfiɗe a bayan ƙwayar ido, tana da ƙwayoyin jin haske iri biyu: masu siffar sanda, kimanin miliyan 100, waɗanda ke aiki a duhu, da masu siffar mazurari, kimanin miliyan 5 zuwa 6, waɗanda ke rarrabe launi. A idon mutum, da na saniya, da na kifi, da na duk dabba mai ƙashin baya, waɗannan ƙwayoyi suna can ƙarshen baya ne, sun ba haske ƙeya. Jijiyoyi da hanyoyin jini suna gabansu. Wato dai idon mutum irin tsarin A7 II ne da shi. Tun da jijiyoyin suna gaba, sai sun huda ratina kafin su fita zuwa ƙwaƙwalwa, kuma a wurin hudar babu ƙwayar jin haske ko ɗaya. Wannan shi ne makahon gurbin da ke cikin kowane ido, wanda Bafaranshe Edme Mariotte ya gano a shekarun 1660.

Akwai wata dabbar teku mai hannaye takwas da ake kira oktofas. Idonta ya yi kama da na mutum a siffa, amma ƙwayoyin jin haskenta suna fuskantar haske kai tsaye, jijiyoyin suna bayansu, don haka ba ta da makahon gurbi. Tsarin A7 III ke nan.

Mai karatu na iya zaton cewa idon mutum ya kasa ke nan. Ba haka abin yake ba. Zaman ƙwayoyin a baya ya sa kawunansu suna nutse cikin wani baƙin shimfiɗi da ke ciyar da su, yana kuma sabunta sinadarin gani da haske ke ƙararwa. Wannan sinadari daga bitamin A ake yinsa, shi ya sa ƙarancin bitamin ɗin ke haddasa dundumi, shi ya sa kuma ake ba mai dundumi shawarar cin hanta, da man ja, da zogale, da karas. Bugu da ƙari, a tsakiyar ratina, inda gani ya fi kaifi, jijiyoyin sun kauce gefe sun bar wa haske hanya. A 2007 kuma masu bincike a Jamus suka nuna cewa wasu dogayen ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin Müller suna jan haske ta tsakanin jijiyoyin, kamar bututu, har zuwa inda ake buƙatarsa. Ido yana da kaifin da tun a 1942 Selig Hecht da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwaya mai siffar sanda tana iya jin foton guda ɗaya tak.

Injiniyoyi ma sun yi wa tsohuwar sensa irin wannan dabara. A kan kowane fiksel sun ɗora wani mitsitsin gilashi mai tattara haske ya cusa shi ta tsakanin wayoyi. Kuma a fiksel mai faɗin kusan maikuromita 6, wayoyin ba su tare wuri mai yawa ba tun farko. Saboda haka gaskiyar magana ita ce, juya sensa bai ƙara wa A7 III haske mai yawa ba kamar yadda talla ke sa mutum ya yi zato. Inda juyin ya yi aiki na ban mamaki shi ne a wayar hannu, wadda fiksel ɗinta ƙanana ne ainun. Wayar iPhone 4 ta zo da irin wannan sensa tun 2010, shekara biyar kafin a ga ta farko mai cikakken faifai a kyamarar A7R II a 2015. Yana da kyau wanda ake yi wa kurin waya mai fiksel miliyan 108 ya san cewa faɗin kowannensu bai wuce maikuromita 0.8 ba, don haka filin fiksel ɗaya na waɗannan kyamarori ya ninka nasa fiye da sau 50.

Inda bambancin ya fi fitowa

To, in ba wajen tara haske ba, ina A7 III ta fi? Amsar tana wajen awo. Da wayoyi suka koma baya, sai aka sami sararin faɗaɗa su da inganta su ba tare da tsoron tare haske ba, aka kuma kyautata sassan da ke karanta saƙo. Kuskuren awo ya ragu, saurin karatu ya ƙaru.

Akwai kuma wata dabara da A7 II ba ta da ita. Kafin a auna elektiron, ana juye su ne cikin wani ɗan ma'aji da ke jikin fiksel. Babban ma'aji yana ɗaukar da yawa, amma ba ya nuna ƙaramin abu. Wanda ya zuba cokali ɗaya na mai a cikin daro ba zai iya faɗin yawansa ba. In ya zuba shi a siririyar kwalba, zai ga inda ya tsaya. Sensar A7 III tana da ma'aji mai hali biyu. A haske mai yawa tana amfani da babba, daga ISO 640 zuwa sama kuma ta koma ƙarami, sai kuskuren awo ya faɗi ƙasa a daidai lokacin da aka fi buƙatar hakan. Wannan ma yana da ɗan'uwa a ido, domin da rana masu siffar mazurari ne ke aiki, in duhu ya yi sai masu siffar sanda su karɓa. Sai dai ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, ita kuwa sensa nan take take sauyawa.

Kamfanin DxOMark na Faransa, wanda ke gwada sensa a ɗakin bincike, ya auna tazarar da ke tsakanin mafi duhu da mafi hasken abin da kowace za ta iya riƙewa a hoto ɗaya. Ana ƙirga wannan tazara da mataki, kuma kowane mataki ninki biyu ne na wanda ya gabace shi. Bisa ma'auninsu, A7 II ta sami mataki 13.6, A7 III ta sami 14.7. A takarda bambancin 1.1 ƙarami ne, amma ma'anarsa ita ce tazarar ta ninka fiye da sau biyu. A gwajin ƙarancin haske kuma, ta farko ta sami ISO 2,449, ta biyu 3,730, wato kimanin ninki ɗaya da rabi.

A mayar da waɗannan lambobi kasuwar Maigatari. Mai hoto ya gyara kyamararsa don kada farar saniya ta ƙone, ya bar fuskar dillali a duhu, da nufin ya haskaka ta daga baya a kwamfuta. Da A7 II, in ya ɗaga inuwar sosai, yashi mai launi-launi zai fara bayyana a kumatu. Da A7 III yana da sararin ƙarin mataki guda kafin hakan ta faru. Haka nan bayan magariba, lokacin da ake loda shanu a manyan motoci da hasken fitila, ko a wurin kamun amarya da ba a da wuta sai ta janareto, sabuwar za ta ba da hoto mai tsabta a inda tsohuwar ta fara gajiya. Amma a ɗauki hoton gonar riɗi a Gagarawa da hantsi, ko na ɗalibai a jere a filin makaranta a Sule Tankarkar, a wanke su a kan takarda, da wuya a sami wanda zai ce ga na wannan, ga na waccan. Inda foton ya wadata, sensar 2014 ba ta da abin jin kunya.

Saurin karatu shi ma yana da ranarsa, kuma ranar ita ce ta hawan salla. A7 II tana ɗaukar hoto 5 a daƙiƙa, A7 III tana ɗaukar 10. Wuraren da ke auna nisan abu a kan sensa don saita gilashi sun tashi daga 117 zuwa 693, sun kuma mamaye kusan dukan faifan. Ga wanda ke tsaye a gaban fadar Gumel mahaya sun sako dawaki a guje za su yi jahi, wannan ya fi masa duk wata magana ta yashi. Wani abin da ba na sensa ba, amma mai sana'a a karkara zai fi kowa kula da shi, shi ne batir: bisa awon kamfanin, ta farko tana ɗaukar hoto kimanin 350 a caji ɗaya, ta biyu kimanin 710. Lokacin fitowarsu an sayar da su kimanin dalar Amurka 1,700 da 2,000. A 2021 A7 IV mai fiksel miliyan 33 ta biyo bayansu, kuma tambayar da ta dace mai saye ya yi wa kansa ita ce ko da rana yake yawan aiki ko da dare.

Zafi da ƙura

Alƙaluman da aka ambata an same su ne a ɗaki mai sanyi. A ƙasar Gumel kuwa, zafi yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Zafi kaɗai yana iya 'yantar da elektiron a cikin silikon ko babu haske, sensa kuma ba ta iya bambanta shi da wanda foton ya kawo. Yawan waɗannan elektiron na bogi yana ninkawa da kowane ƙarin digiri 6 zuwa 8. A hoton da aka ɗauka cikin ƙiftawar ido wannan ba ya damun kowa, amma a hoton taurari ko doguwar ɗaukar bidiyo yana fitowa. Kyamarar da aka bari a cikin mota a rana ta riga ta yi asarar wani ɓangare na fifikonta.

Sai ƙurar hunturu. Kyamarorin nan biyu ba su da madubi a gaban sensa, don haka da an cire gilashi, faifan yana fili. Ƙwayar ƙura mai faɗin maikuromita 30 ta isa ta rufe fiksel fiye da 20, ta bar tabo a wuri ɗaya a kowane hoto. Ido yana da hawaye da fatar da ke share shi sau da yawa a minti. Sensa ba ta da ko ɗaya. Shi ya sa ake canza gilashi a cikin ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa, ba kuma a hura mata iskar baki.

Gwaji biyu don aji

Malamin da ba shi da kyamara yana iya koyar da jigon wannan darasi da abin da ke hannunsa. A haƙa gurabu 30 a ƙasa irin na dara, ɗalibi ya tsaya ya watsa ɗan tsunkulin gero a kansu, a ƙirga ƙwayoyin da suka faɗa kowane gurbi, a rubuta a allo. Sannan a watsa cikin tafin hannu sau biyar, a sake ƙirgawa. Ɗalibai su lissafa da kashi nawa cikin ɗari gurabun suka saɓa wa matsakaici a karo na farko da na biyu, su kwatanta da ƙa'idar tushen murabba'i.

Na biyu na makahon gurbi ne. A zana ɗan kuros a hagu da ɗigo baƙi a dama a kan farar takarda, tsakaninsu santimita 8. Ɗalibi ya rufe idon hagu, ya kafa na dama a kan kuros, ya miƙa takardar iyakar hannunsa, sannan ya riƙa matso da ita a hankali. A wani wuri ɗigon zai ɓace, takardar kuma ta bayyana fara fat ba tare da rami ba, domin ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da abin da ke kewaye da shi. Kyamara ma haka take yi wa fiksel ɗin da ya mutu: takan duba maƙwabtansa ta ƙaddara masa lamba. Daga nan ɗalibi ya rufe idon dama, ya kafa na hagu a kan ɗigon, ya nemo inda kuros zai ɓace.